Nonon Wanke Fenti

Garejin maigidana ɗaki ne guda a bakin gidanmu na Birnin Konni. Wanda ya fara gina gidan ya yi shi ne don ajiye mota, mu kuwa ba mu taɓa mallakar mota ba. Babbar ƙofarsa ta kwano tana kallon titi, ƙaramar tana buɗewa cikin tsakar gida, dab da inda nake kife turmina. A ɗakin nan ya ƙarar da shekarun ƙarfinsa yana yi wa kayan motocin mutane fenti.

Ɗan maƙera ne daga wani ƙauye bayan Tsarnawa. Ubansa hauya da gatari ya ƙera har ya koma ga Allah. Shi kuwa tun yana saurayi ya tsallake iyaka, ya zauna wurin wani mai gyaran jikin mota, ya dawo da bindigar fesa fenti da wani tsohon injin iska mai tari kamar tsohuwar akuya. Da waɗannan biyun ya aure ni, da su muka ciyar da 'ya'ya.

Bai taɓa fentin mota sukutum ba, ɗakin ba zai ɗauka ba. Gunduwa-gunduwa ake kawo masa. Wannan ya zo da ƙofa a kan amalanke, wancan ya zo da kafo, wato murfin gaban mota, wani ya rungumo ƙarfen taya yana so a mai da shi ruwan zinari. Amma 'yan kabu-kabu su ne mutanensa. Kowane yana so a hango babur ɗinsa tun daga nesa a tasha, sai su kwance tankin mai su kawo. Wani ya ce harshen wuta yake so, wani taurari, wani kore shar da siririn zare fari a gefe. Zaren nan da hannu yake ja, da ɗan buroshin da ya haɗa da gashin wutsiyar jaki. Idan zai ja sai ya ɗauke numfashi, ya tafi da hannun daga wannan baki zuwa wancan ba tare da ya ɗaga ba. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu ina kallo, ni ma na ɗauke nawa numfashin ban sani ba.

Ɗanyen fenti ba shi da abokin gaba kamar gidan da ake daka. Ƙaiƙayin gero, gashin kaza, ƙuda, toka daga murhu, duk abin da iska ta ɗauko sai ya manne. Farkon aurenmu na taɓa yin shiƙa yana fesa wani tanki ja. Da ya bushe sai ga shi da kaushi kamar bayan ƙadangare. Bai yi mini faɗa ba. Zama ya yi ya kankare shi tas da sanfefa, yatsunsa har jini, ya sake daga farko. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar na ɗauki tsaron ɗakin a wuyana. Idan zai fesa, ni ke yayyafa ruwa a ƙasa har ta kwanta. Ya ɗaura tsohuwar riga a hanci ya shiga, ni kuma in ja ƙofa daga waje. Sai in bi kowace kafa da jiƙaƙƙen tsumma: ƙarƙashin ƙofa, gefen taga, inda kwano ya haɗu da bango. Ina da wani dogon kara na musamman da nake tura buhu da shi can sama. Sannan in leƙa ta katanga in sanar da maƙwabta cewa duk wadda ta ɗaga faifai kafin la'asar, da ni take. Saboda wannan ya sa mini suna Jandarma, kuma sunan ya bi ni har yau. Ina alfahari da aikina. Ko iska ba ta da izinin shiga ɗakin nan, ba ta kuma da hanyar fita.

Idan ya buga ƙofa na buɗe, sai hayaƙin fenti ya riga shi fitowa. Girarsa da gashin hancinsa da gemunsa duk sun ɗauki launin aikin ranar. Mutanen layinmu ba sa tambaya, kallon fuskarsa kawai suke su ce yau shuɗi aka yi.

Daga nan sai nono. Duk mai fenti da mai walda a garin nan ya san wannan: idan ka shaƙi fenti, ka sha nono ya wanke maka ƙirji. Haka maigidansa na tsallaken iyaka ya koya masa, haka shi ma aka koya wa wancan. Akwai wata Bafillata da ke kawo mana daga rugarsu kafin azahar, doguwa, da bakin da ba ya hutawa. Tsakanin Fulani da maƙera kuwa akwai wasa, ba ta sauke ƙwarya sai ta taɓa shi.

"Ina bawan nawa? Fito in gani, yau wace kala anka yi maka? Kai! Maƙeri ya zama tsuntsu."

"Ke dai zuba, mai shanu biyu da rijiya goma. Jiya rabin nononki ruwa ne, har kwaɗo na gani ciki."

"Kwaɗon ma ya fi ƙarfinka. Sha, sha, kada ka mutu ka bar ni ba mai gyara mini ludayi."

Ya kafa kai ya shanye, ya goge baki da bayan hannu, fari ya haɗu da shuɗi. Ni kuma in karɓi ƙwaryar da kwanciyar hankali, na san an wanke.

Tarin a hankali ya zo. Da fari sai ranar da ya yi aiki, daga baya har ranar Juma'a da ba ya taɓa komai. Muka ƙara nono. Wata safiya ya yi kaki a gindin dalbejiya, ya kira ni in gani. Kore ne, irin koren tankin da ya fesa jiya. Wallahi murna muka yi. Na ce ka gani, nonon yana aiki, ga shi yana fiddo da fentin. Na ce wa Bafillatar ta riƙa kawo mana kindirmo mai kauri, shi zai fi kankarewa. Ita ma ta daina zolayar farko, takan sauke ƙwarya ta dube shi tukuna kafin ta fara.

Sai ya zamana ba ya kai masallacin bakin titi sai ya dafa bango. Kafon da yake ɗauka shi kaɗai ya koma sai an kama masa. Idan yana jan zaren nan da buroshi, numfashin ba ya kai shi ƙarshe, sai ya tsaya a tsakiya, kuma inda ya tsaya yana nunawa. Masu babur ba su gani, shi yana gani. 'Yarmu da ke aure a Malbaza ta zo ta same shi zaune yana haki bayan alwala kawai. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta nemo mota muka tafi asibiti.

Likitar mace ce, ba ta kai 'yata shekaru ba. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirjinsa, ta sa ya hura cikin wani bututu har ya gaji. Ta tambayi sana'arsa, ta tambayi yadda ɗakin yake. Ni na karɓe maganar, don ina ganin nan ne za a yaba mini. Na faɗa mata yadda nake toshe ko'ina. Na ce kuma ba ranar da ya fesa bai sha nono ba, ko da mu ba mu ci ba.

Ta ajiye alƙalami. Ba ta yi dariya ba, na gode mata da wannan.

"Inna, kina gyaran kayan cikin rago da layya?"

Na ce tun kafin a haife ta.

"To hanyar da ta tafi tumbi da wadda ta tafi huhu, guda ce?"

Hanya biyu ce. Na sha raba su da hannuna, ɗaya mai laushi, ɗaya mai gurunguntsi. Na sha hura huhun rago yara suna dariya. Kowace shekara abin yana cikin tafin hannuna, ban taɓa haɗa shi da ƙirjin mijina ba. Nono yana bin hanyarsa, fenti yana bin tasa, ba su taɓa gamuwa ba.

Ta ce abin da ya lalace ba zai dawo ba. Abin da ya rage zai ishe shi ya tsufa, in dai bai sake shaƙar feshin nan ba. In ya koma, ba ta da maganin da za ta ba shi. Ta yarda ya taɓa ɗan buroshi a fili inda iska ke kaɗawa, amma bindiga, a'a.

Muna isowa gida ban ko cire mayafi ba na shiga garejin. Na zazzage tsummokaran nan na watsar, na buɗe ƙofofin biyu. Na kwance bindigar daga tiyo, na naɗe ta cikin leda, na tura ta can ƙasan buhun gero a ɗakina. Yana zaune yana kallona.

Lokacin na fara zuwa karatun manya da yamma, da furfurata da komai. Wata rana na ɗauko gwangwanin fenti na ce bari in ga abin da suka rubuta. Na haɗa baƙaƙen da ƙyar, ashe ba da Hausa ba ne. Masu yin abin sun san gubarsa, sun rubuta da yaren da mai shaƙa ba ya ji. Na yi jifa da gwangwanin har kaji suka watse.

Zaman banza ya fi tarin cin sa. Sai ya fitar da benci bakin ƙofa ya zauna yana kallon babura suna wucewa da fentin wasu. Ya ce wannan bai goge ƙasa ba, wancan ya tsinka fentin da yawa, dubi yadda ya zubo kamar hawaye. Abinci ya rage ci. Mutumin da ke tashi da waƙa ya koma sai ka yi magana sau biyu kafin ya amsa.

A kusurwar garejin akwai tulin tarkacen da masu shi suka bari: tankuna masu huda, sarƙar babur, wayoyin taya, kusoshi. Wata safiya na same shi ya kifa wani tanki a kan gwiwa yana jujjuya shi. Zabin maƙwabta suna kiwo a gabansa.

"Jandarma, zo ki duba. Wanga tanki da wa ya yi kama?"

"Da tanki."

"Ke dai ba ki da ido. Dubi bayan waccan zabuwa."

Na duba. Gaskiyarsa ne, doron iri ɗaya.

Bai kunna wuta ba, bai yi walda ba. Guduma da filaya da waya kawai, irin aikin da ya gani a hannun ubansa. Ya lanƙwasa ƙarfen birki ya yi wuya, ya yi ƙafafu da wayoyin taya, ya ɗaure da kusoshi. Ya zauna gindin dalbejiya ya shafa mata toka-toka da buroshi, sannan ya bi ta da ɗigo fari, ɗaya bayan ɗaya, da tsinken tsintsiyata. Ido ne kawai bai sa mata ba. Ya tambayi limamin unguwa, aka ce ya bar ta ba cikakkiya ba, shi ya sa duk tsuntsayen ƙarfen gidanmu makafi ne. Da muka ajiye ta tsakar gida, zakarana ya yi ta zagaya ta yana jan fiffike.

Bayan zabuwa ya yi raƙumi da sarƙar babur. Ya yi zangarniyar gero da ƙananan kusoshi, wadda wani tsoho ya kai hannu zai murza. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wani mai gidan abinci ya ɗauki zabi biyu ya kafa a ƙofarsa, wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya tafi da raƙumin. Waƙarsa ta dawo kaɗan-kaɗan. Na ce a raina mun tsallake.

Ashe da saura. Yana da wani amini tun suna samari, direba ne, yana ɗaukar 'yan kasuwa tsakanin Konni da Badaguishiri. Motarsa ta daki saniya, aka buga kafon aka daidaita, saura fenti. Ya zo ya zauna a bencinmu yana cewa shi duk garin nan ba hannun da ya yarda da shi sai na amininsa. Na ce masa ya sha ruwa ya kama hanya. Ya yi dariya ya ce, "Matar babban yaya, ai gaisuwa na zo." Na san ƙarya yake, na ga yadda idon maigidana ya yi haske.

Kwana kaɗan bayan haka na dawo daga karatu da la'asar, da allona a hannu. Tun daga kan kwana na ji tarin injin iska. Babbar ƙofa a rufe. Tsumma jiƙaƙƙe ya leƙo ta ƙarƙashinta, an tura shi daga ciki, an ma tura shi ba daidai ba. Direban yana zaune a benci, kusa da shi ga ƙwaryar nono an rufe da faifai. Da ya gan ni ya miƙe.

"Sau guda ne, wallahi. Ga nono ma na sawo mishi, mai kyau."

Na shiga gida, na ɗauki kujerata 'yar tsugune, na tura ƙaramar ƙofar garejin. Yana tsaye gaban kafon, ya goge shi sumul, ya yayyafa ruwa a ƙasa, riga ɗaure a hanci. Bindigar tana hannunsa, ya cika ta da farin fenti, bai kai ga fesawa ba. Na shiga na mai da ƙofar na rufe. Na sa ƙafa na gyara tsumman da ke ƙasanta yadda ya kamata. Na ajiye kujera dab da kafon na zauna, na sauke mayafina a kafaɗa.

"Ina ka same ta?"

"Cikin gero. Tun ranar da kinka sa ta na sani. Ke kin taɓa iya ɓoyo?" Ya ja rigar ƙasa. "Tashi ki fita."

"Fesa."

"Ki fita, na ce. Abin ga ba shi da kyau ga mutum."

"Au, ka sani? To fesa. Abin da ka shaƙa in shaƙa. In za a kai mutum asibiti a kai mu tare, mota guda ta isa."

"Ke wace irin mace ce? Kafo guda ne. Mutumen ga tare munka tashi, in ce mishi mi? In ce matata ta hana?"

"Ka ce mishi haka. Ka ce Jandarma ta hana, kowa ya san halina. Ni ban jin kunyar kowa a kanka."

Ya juya mini baya. Ya ɗaga bindigar daidai gefen kafon, inda yake farawa kullum. Na ga yatsansa a kan kunamar bindigar. Injin yana ta bugawa, ɗakin ya yi zafi, warin ruwan tsinka fenti ya fara kama mini maƙogwaro. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, amma na riƙe ƙafar kujera na zauna daram. Sai tari ya taso mini, na danne, ya ƙi dannuwa.

Yana jin tarina ya sauke hannu.

Da ya yi magana, muryar ba ta faɗa ba ce.

"Ba don shi ba ne. Ina so in ga ko hannun yana nan."

"Yana nan. Na gan shi jiya a bayan zabuwa."

"Wannan wasan yara ne."

"To ka yi wasan yaran kana da rai."

Ya miƙa hannu ya kashe injin. Shi da kansa ya zare sakata ya tura babbar ƙofa, haske ya shigo. Ya kira amininsa suka kama kafon, ni ma na kama gefe don kada ya yi nishi a gaban mutane, muka ɗora a amalanken da aka kawo shi. Ya juye fentin cikin gwangwani, ya wanke bindigar tsaf kamar yadda ya saba, ya goge ta da gefen rigarsa. Sannan ya ɗora ta a kan kafon. Ya kwatanta wa direban wani mai fenti a hanyar tasha, ya ce a ba shi ita kyauta, amma a gaya masa ya yi aiki a fili, ya nemi abin rufe hanci na gaske. Direban ya so ya yi magana, ya dubi fuskata, ya fasa.

Ya yi kwanaki ba ya yi mini magana sai ta dole. In na kawo tuwo ya ci, in na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Ban lallashe shi ba. Ina jin numfashinsa daga inda nake, wannan ya ishe ni.

Da ruwan shuka ya sauka, ya ce zai je gonar gadonsu bayan Tsarnawa, wadda ya bar wa ƙannensa tun yana saurayi. Na ce ƙafata ƙafarsa. Muka isa da hantsi, ƙasa ta jiƙu tana ƙamshi. Ya karɓi sungumi hannun ƙanensa ya shiga gaba yana sara, ni ina biye da ƙwaryar iri, ina zubawa ina rufewa da diddige. Ƙannensa da matansu suna can gefe suna nasu, sun yi mana nisa.

Bai kai rabin layi ba na ji numfashin ya fara yi masa nauyi. Na san ba zai tsaya ba ana kallonsa. Sai na ce wash, na zauna a ƙasa na kama tafin ƙafa, na ce ƙaya ta soke ni. Ya tsaya ya dogara da sungumi yana jirana. Na yi ta tonon ƙafar da ba abin da ya same ta har na ji ƙirjinsa ya lafa, sannan na tashi muka ci gaba. Layi na gaba ma haka. Na bayansa ma haka.

A wani layin, ina shirin zama, sai ya waiwayo. Gumi na zuba a gemunsa, bakinsa yana rawa yana ɓoye dariya.

"Jandarma, ƙayar ga taki kullum tsakiyar layi take samun ki."

"Gonarku ce ba ta da kirki."

"To zauna ki cire ta da kyau," ya ce. "Kada ki yi sauri."